Yadda ake kallon "Space Seed" da "The Wrath of Khan" a haɗe har a gane zaren da ya ɗinke su

Wanda ya faɗa fim ɗin Star Trek II: The Wrath of Khan kai tsaye, bai ga abin da ya gabace shi ba, zai tarar da bos mai furfura yana ta kumfar baki a kan akta, sai ya ɗauka mugu ne kawai ya haukace. Gabar tana da tushe. Ranar 16 ga Fabrairu 1967 tashar NBC ta Amurka ta nuna wani kashi na shirin Star Trek mai suna "Space Seed", a zangon farko, kuma a cikinsa ne Kyaftin Kirk ya yanke wa Khan Noonien Singh hukunci. Fim ɗin da ya fito ranar 4 ga Yuni 1982 ya zo karɓar bashin wannan hukunci ne. Bayanin da ke tafe na mai son ya nuna su biyun ga jama'a ne, ko a gidan kallo a Mabera, ko a ɗakin ɗalibai a jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko a majalisar ƙofar gida a Runjin Sambo, musamman idan shi ne zai riƙa yi wa mutane bayani da Hausa.

Kayan da za a tanada

A nemi kashin da sunansa, kada a neme shi da lamba. A tsarin da aka nuna shi a talabijin shi ne na 22 a zangon farko, amma akwai jerin da ke bin tsarin ɗauka, a can lambarsa daban take. Mai tura fim a waya yakan danna lambar da aka faɗa masa ya ba ka wani labari can. Alamar ka samu daidai ita ce a mintocin farko jirgin Kirk, Enterprise, ya ci karo da wani tsohon kumbo yana yawo ba matuƙi. Tsawonsa kimanin minti 50 ne. Yana da zubi biyu: na asali, da wanda aka fara gyarawa a 2006 aka sake zana jiragen da kwamfuta. Magana da 'yan wasa duk ɗaya ne, ko wanne aka samu ya yi.

Fim ɗin shi ma zubi biyu ne: na sinima mai minti 113, da na darakta mai kimanin minti 116. A nan ake yawan samun matsala. Idan fassarar da ke bin ƙasan allo ta zubin sinima ce, fim ɗin kuma na darakta ne, za su tashi daidai, amma da an iso wurin da aka ƙara wani yanki sai rubutun ya riga baki, kuma ratar ta riƙa ƙaruwa. A manhajar VLC maɓallan G da H suna ja da rubutu baya ko gaba, sai dai wannan maganin ratar da ba ta canzawa ce. Wadda ke ƙaruwa ba ta da magani illa a sake nemo rubutun da ya dace da zubin. Idan kuma ka ga fim ɗinka minti 108 ne da 'yan daƙiƙoƙi, ba yanke shi aka yi ba. Faifan Turai ne, mai gudu hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, shi ma yana da nasa rubutun. A gwada tun da rana: a duba minti na 5, na 40 da na 90.

Sai girman hoto. An ɗauki kashin don tsohuwar talabijin mai kusan murabba'i, 4:3, fim ɗin kuwa shimfiɗaɗɗe ne na sinima. Talabijin ta yanzu za ta bar baƙi a gefe biyu a kashin, ta bar shi sama da ƙasa a fim. A bar su haka. Yara kan ɗauki rimot su cike allo, sai fuskar Khan ta 1967 ta baje kamar faifai, alhali rabin aikin shi ne mai kallo ya gane fuskar nan idan ta dawo.

Su biyun minti 163 ne. Idan dole sai dare ɗaya, a fara ƙarfe 8:30 bayan Isha'i, a huta minti 15 tsakani, a tashi wajen 11:30, kuma a zuba wa janareta man da zai kai awa uku da rabi. Amma raba su dare biyu ya fi, kuma dalilin yana nan tafe. Idan da majigi ne a tsakar gida lokacin zafin Maris da Afrilu, a ɗaga shi daga ƙasa, a bar bayansa a buɗe, domin fankarsa in ta sha ƙura ta toshe sai ya kashe kansa. A kashe duk fitilar da ke kusa da allo, saboda yaƙin ƙarshe na fim ɗin a cikin duhu da hazo ake yin sa.

Daren farko: abin da za a sa wa ido

Kafin a kunna, mai bayani ya faɗi abu uku kawai. Wannan almarar kimiyya ce da aka ajiye a ƙarni na 23. Kirk ne kyaftin, Spock mai dogon kunne mataimakinsa, McCoy likita. Na uku, masu rubutun suna 1960 da 'yan kai ne, don haka idan aka ji suna ba da labarin yaƙin da aka yi a shekarun 1990, hasashe ne na gaba a wurinsu. In ba a faɗi wannan ba, sai wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Malam, ai muna raye a 1996, ba mu ga wannan yaƙi ba."

Tsohon kumbon sunansa Botany Bay, ya bar duniya a 1996 ɗauke da mutane a daskare cikin barci. A tsayar da hoto a nan a bayyana sunan, domin Botany Bay wuri ne a gaɓar Ostireliya inda jiragen Ingila na farko suka isa da fursunoni a 1788. Sunan zai sake bayyana sau biyu a labarin, kuma a duka biyun nauyinsa daga wannan tarihi yake. Sai lissafi: injiniya Scott ya ce akwatuna 12 sun lalace, 72 suna aiki, 30 daga ciki mata ne. A sa wani ya rubuta 72 a takarda.

Wanda ya fara farkawa shi ne Khan, wanda Ricardo Montalbán, haifaffen Meziko, ya fito a matsayinsa. Shi da mutanensa an tace irinsu ne don su fi sauran 'yan Adam ƙarfi da kaifin ƙwaƙwalwa, kuma daga 1992 zuwa 1996 ya mulki sama da rubu'in duniya, daga Asiya har Gabas ta Tsakiya. Ana ɗaukarsa zuwa ɗakin jinya, yana buɗe ido ya ɗora wa McCoy wuƙar tiyata a maƙogwaro. Tsintacciyar mage ke nan. Duk da haka, da ya nemi littattafan da ke bayanin injinan jirgin don ya rage zaman jinya, Kirk ya ba shi. A nuna wa masu kallo wannan da yatsa. Shi ne kuskuren Kirk na farko, kuma irinsa zai maimaita a fim: yana ganin alamar haɗari ya ƙi rufe ƙofa. Shi ne kuma bayanin yadda mutumin 1996 ya iya tuƙa jirgin ƙarni na 23 daga baya. Ilimin nasa na karatu ne, bai taɓa yaƙi a sararin samaniya ba, kuma a kan wannan giɓi za a ci shi.

Akwai wata hira a ɗakin taro da masu kallo kan yi surutu a kanta don ba faɗa a ciki. A sa su yi shiru. Bayan an gano ko shi wane ne, Kirk da Scott da McCoy suka shiga yaba masa, wai shi ne na kirkin azzalumai, ba a yi kisan kiyashi a mulkinsa ba. Spock ya tsaya yana mamakinsu, yana tuna musu cewa 'yanci ma babu. Wannan sha'awa da Kirk ke yi wa Khan ita ce ta haifi hukuncin ƙarshe.

Sai Laftanar Marla McGivers, masaniyar tarihin jirgin, wadda Madlyn Rhue ta fito a matsayinta. Ɗakinta cike yake da zanen manyan mayaƙan da, ita ce kuma ta ce da alama Khan ɗan Sikh ne daga arewacin Indiya. Ta kamu da sonsa, ta taimake shi ya tayar da mutanensa suka ƙwace jirgin. Yadda ya mallake ta ba daɗin gani, har akwai inda ya matse mata hannu sai da ta durƙusa. Idan da yara a wurin, a san da wannan tun da wuri, da kuma gajerun rigunan da matan jirgin ke sawa. Ita ce dai daga baya ta fito da Kirk daga ɗakin da ake zuƙe masa iska. Aka sake wa mutanen Khan iskar sa barci, shi kuma ya gudu ɗakin inji, inda ya gaya wa Kirk ya ninka shi ƙarfi sau biyar, Kirk ya zaro wani sanda daga jikin na'ura ya kwantar da shi.

Minti biyar na ƙarshe su ne ginshiƙin komai, kuma a lokacin ne mutane kan fara neman takalmansu. A hana. Kirk ya zauna zaman shari'a, ya janye duk tuhuma. Maimakon ya kai Khan gidan gyara hali, ya ba shi wata duniya mai wuyar zama amma mai rai, Ceti Alpha V, ya je ya sare dajinta, kamar yadda waɗancan fursunoni suka yi a Ostireliya. Mai bayani a Sakkwato ba zai sha wahalar fassara wannan ba, domin tarihinmu ya san tuɓe mai mulki a kai shi wani gari ya zauna. McGivers aka ba ta zaɓi tsakanin kotun soja da bin Khan, ta bi shi. Khan ya tambayi Kirk ko ya karanta Milton. Kirk ya gane, daga baya ya warware wa Scott: a waƙar Paradise Lost ta 1667, Iblis ne ya ce gara sarauta a wuta da bauta a aljanna. A faɗa wa jama'a ƙarara cewa maganar Iblis ce Khan ya ara, kada wani ya tafi da ita a matsayin hikima. Spock ya rufe da cewa zai so a dawo bayan shekara ɗari a ga abin da irin da Kirk ya shuka yau ya haifar. Daga nan sunan kashin ya fito.

Ga amfanin raba dare. Kafin a watse, a tambayi kowa: hukuncin Kirk adalci ne ko sakaci? A ƙirga hannu, a rubuta. A kuma ja hankalinsu ga yadda aka rabu: Khan ya fita yana murmushi, yana ganin ya samu abin da ya fito nema, duniyar da zai ci da yaƙi. Babu gaba a fuskarsa. A bar su da wannan kwana biyu ko mako guda.

Dare na biyu

Fim ɗin ya buɗe da jarrabawar Kobayashi Maru, wadda aka shirya ta yadda ba mai ci, da kuma ranar haihuwar Kirk. Ya zama Admiral, yana zaman ofis, McCoy ya kawo masa tabaran karatu, Spock ya ba shi littafin Dickens, A Tale of Two Cities. Wannan duk sabon zare ne, babu shi a kashin. A bar shi ya wuce da ɗan bayani.

Inda za a riƙe rimot da kyau shi ne saukar Kyaftin Terrell da mataimakinsa Chekov, tsohon jami'in Enterprise, daga jirgin Reliant. Suna neman duniyar da ba ko ƙwayar rai don gwajin wata na'ura mai suna Genesis, suna zaton Ceti Alpha VI suka sauka. Guguwar yashi ta rufe ko'ina, irin ranar da hazon hunturu ya sauko har ba a hango ƙarshen titi. Suka shiga wasu akwatunan kaya da aka mayar ɗaki. Kyamara ta bi ta kan kantar littattafai. A tsayar a nan, a matso da hoton in na'urar ta yarda: akwai Moby-Dick, akwai Paradise Lost, akwai King Lear. Sannan Chekov ya juya wani ƙarfen ɗamara ya karanta Botany Bay, jikinsa ya mutu. Idan daren farko ya yi aiki, masu kallo za su riga shi kiran sunan.

Khan ya warware rawani da abin rufe fuska a hankali, ya ba da labarin da ba a taɓa nunawa ba. Wata shida bayan an ajiye su, Ceti Alpha VI ta fashe, ta gusar da tasu duniyar daga hanyarta, komai ya ƙone ya koma hamada. Wata halitta mai kama da tsutsa, wadda 'ya'yanta ke shiga ta kunne su naɗe ƙwaƙwalwa, ta kashe mutanensa 20, har da matarsa. Fim ɗin bai ambaci sunan matar ba ko sau ɗaya. Wanda ya ga kashin ne kaɗai ya san McGivers ake nufi, kuma ya san Kirk ne ya ɗora mata zaɓin da ya kai ta can. Rhue ta kamu da ciwon jijiyoyi da ya kai ta ga keken guragu, ba a kuma ɗauko wata ta maye gurbinta ba.

A saurari wuri ɗaya da kunne biyu. Terrell ya ce bai ma taɓa haɗuwa da Admiral Kirk ba. Khan ya tsaya cak, ya maimaita kalmar Admiral, ya sake maimaita ta. Shekara 15 yana cin ƙura yana binne mutanensa, wanda ya ajiye shi kuwa ƙarin girma aka yi masa, ko leƙe bai taɓa aikowa ba. Mai fassara ya bar kalmar yadda take, ya ja ta kamar yadda Montalbán ya ja ta. In ya ce "shugaba" ko "oga" ya kashe wurin, domin a 1967 Kyaftin Khan ya san shi, bambancin muƙaman biyu shi ne wuƙar. Wurin sa tsutsa a kunne yana biyo baya nan take, mai raunin zuciya ya kau da kai.

Yanzu a ɗauko takardar daren farko a karanta ƙuri'ar. Tuhumar Khan ba a kan korar take ba, a kan mantuwar take. Waɗanda suka ce Kirk ya yi adalci sai su amsa: wanda ya kai mutum wani gari ya zauna, abincinsa da lafiyarsa a wuyan wa suke?

Daga nan abubuwan daren farko za su riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, mai bayani ya riƙa nuna su a taƙaice ba tare da tsayar da fim ba. Reliant, wadda Khan ya ƙwace, ta tunkaro Enterprise ba ta amsa kira, Laftanar Saavik ta tuna wa Kirk dokar ɗaga garkuwa, ya yi jinkiri, aka ragargaza masa jirgi: mutumin da ya miƙa littattafan inji ne dai. Ya tsira ne da abin da Khan bai sani ba, lamba biyar, 16309, wadda ke ba jirgi damar ba ɗan'uwansa umarni daga nesa, da ita ya sauke garkuwar Reliant. Daga baya Khan ya bar Kirk a cikin ramin dutsen Regula, yana gaya masa zai bar shi kamar yadda ya bar shi, ya bar ta. Wannan "ta" ɗin McGivers ce, kuma Hausa tana fito da ita fili, kada mai fassara ya haɗiye ta. A hazon Mutara, inda garkuwa da na'urar hange suka daina aiki, Spock ya lura Khan yana tunanin yaƙi a shimfiɗe, gaba da baya da gefe, kamar mai jan dawaki a fili. Kirk ya sa jirginsa ya nutsa ƙasa mita 10,000 ya ɓullo masa ta baya. A kwatanta wannan da tafin hannu biyu, ya fi dogon bayani.

Wani abin da masu kallo ba sa yarda da shi sai an mayar musu: a fim ɗin Kirk da Khan ba su taɓa tsayawa ɗaki ɗaya ba. Ta allo da rediyo suke magana. A kashin an ci abinci tare, an yi dambe. Shi ya sa wanda bai ga kashin ba yake jiran damben ƙarshe, ya tashi yana cewa an cuce shi.

Wuraren da labaran biyu suka saɓa

Mai bayani ya shirya wa waɗannan, domin a kowace majalisa akwai mai ido.

Babbansu Chekov ne. Khan ya dube shi ya ce ba ya manta fuska, alhali Walter Koenig, mai fitowa a matsayin Chekov, bai shiga shirin ba sai zango na biyu, babu shi a "Space Seed" sam. Amsar da masoya shirin suka daɗe da yarda da ita ita ce yana cikin jirgin a wani sashe, ba a dai kawo shi ɗakin tuƙi ba tukuna. Koenig kansa yakan yi barkwanci cewa Chekov ne ya daɗe a banɗaki ya bar Khan yana jira a ƙofa. Ko wacce aka bayar, a faɗi gaskiyar tare da ita: kuskuren rubutu ne da aka gani aka bari.

Sai shekaru. Khan ya ce 15, kuma tsakanin 1967 da 1982 haka ne cif. Amma jadawalin tarihin Star Trek da aka tsara daga baya ya sa kashin a 2267, fim ɗin a 2285, wato 18. Haka nan a duka biyun ana cewa Khan mutumin shekara 200 da suka wuce ne, alhali daga 1996 zuwa 2267 shekara 271 ce. Dalili shi ne a zangon farko ba a tsayar da ƙarnin da labarin yake ba. Mai fassara ya faɗi abin da ɗan wasa ya faɗa, ya bar gyaran sai an tashi.

Mabiyan Khan a kashin sa'o'insa ne, manya, launin fata iri-iri. A fim kuwa galibinsu samari ne da 'yan mata masu jan gashi, ga shi Montalbán ya tashi daga shekara 46 zuwa 61. In aka ce 'ya'yan da aka haifa a can ne, lissafi bai kai ba, don ba za su wuce shekara 15 ba. Na hannun damansa a 1967 Joaquin ne, a 1982 Joachim, mutum daban, ɗan wasa daban, kada a haɗa su. Abin wuyan da Khan ke rataye da shi ma alamar rundunar Starfleet ce irin ta kakin zamanin fim, wadda ba a fara sawa ba lokacin da aka ajiye shi. Tambayar da ta fi duka wuya ita ce yadda jirgin bincike zai shiga wuri bai lura duniya guda ta ɓace ba, kuma bai ga gargaɗi a kundinsa ba. Fim ɗin bai amsa ba. Rabin tambayar dai yana ƙara wa tuhumar Khan ƙarfi: babu wanda ya damu ya tuna.

Sanin yadda aka yi fim ɗin yana rage gardama. Fim na farko na 1979 ya ci kuɗi sama da dala miliyan 40, kamfanin Paramount ya ɗauko Harve Bennett daga sashen talabijin ya yi na biyu da kusan rubu'in haka. Bennett ya zauna ya kalli kashi 79 na shirin gaba ɗaya yana neman abokin gaba mai nauyi, ya tsaya a kan Khan. Darakta Nicholas Meyer, wanda ba masoyin shirin ba ne kafin nan, ya haɗa rubuce-rubucen da ke ƙasa ya fitar da sabo cikin kwana 12, ba a ma sa sunansa a marubuta ba. Mutanen da ke aiki da irin wannan gaggawa halin Khan da maganar Spock ta ƙarshe suka ɗauko, ba su tsaya ƙirga wa ke ɗakin tuƙi ba.

Tarkon fassara

Khan na fim da bakin littafi yake magana. Na 1967 Milton ya jawo, mai neman sarauta ko a ina. Na 1982 ya koma Kyaftin Ahab na Moby-Dick, littafin Herman Melville na 1851, wanda wani babban kifi ya cire wa ƙafa, ya bi shi teku-teku har ya hallaka jirginsa da mutanensa. A ba da wannan labari cikin jimla uku lokacin da aka tsayar da hoto a kan kanta. Da shi za a gane wurin da Joachim ya ce masa sun samu jirgi, sun samu 'yanci, su tafi abinsu, shi kuwa ya ƙi. Kalamansa na ƙarshe ma na Ahab ne, a fassara su da nauyin waƙa, kada a mayar da su zagin tasha.

Akwai karin maganar da ya ce ta Klingon ce, wata ƙabilar mayaƙa ta wata duniya a shirin, cewa ramuwa abinci ce da ta fi daɗi in ta huce. Bakin Bahaushe zai yi saurin cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Ma'anar ta yi kusa, amma jimlar da ke biye ita ce sararin samaniya akwai sanyi ƙwarai, kuma in an riga an ce zafi, wannan ta zama marar kai. A riƙe sanyin: ramuwa tuwo ce, sai ta kwana take daɗi.

Genesis kuma sunan littafin farko ne na Baibul, wanda a Hausa ake kira Farawa. Na'ura ce da ke rushe abin da ta tarar ta sake tsara shi ya zama duniya mai tsiro. Za a samu wanda zai ce wannan shiga hurumin Ubangiji ne, kuma ba sai an yi musu da shi ba, domin McCoy ya riga shi faɗa a cikin fim ɗin, da fushi, yana gwada kwana shida da minti shida. A bar muryar McCoy ta fito sosai. A kuma haɗa ta da daren farko: masanan da suka tace irin Khan su ma gyara suka ce za su yi. Hoton da ke nuna aikin na'urar, na kusan minti ɗaya, da kwamfuta zalla aka zana shi, a sashen kamfanin Lucasfilm da ya zama Pixar daga baya. David, matashin masanin da ke aikin tare da uwarsa Carol Marcus, ɗan Kirk ne da ya tashi bai san ubansa ba. Babu shi a kashin, amma shi ma abu ne da Kirk ya shuka ya juya baya.

Kada mai bayani ya yi subul da baka a kan makomar Spock, ko da rabin majalisar sun sani. Idan Khan ya kunna Genesis ɗin da ya sace, saura minti huɗu ta fashe, daga nan a ajiye rimot, a rage magana, a fassara abin da aka faɗa kawai har a wuce jana'iza. A lura da hannun da Spock ya ɗora a fuskar McCoy kafin ya shiga ɗakin inji, domin a kansa aka gina fim na uku na 1984. Wanda kuma ya ce ya taɓa ganin Khan a Star Trek Into Darkness na 2013, inda Benedict Cumberbatch ya fito, a gaya masa wancan wani reshen tarihi ne daban, Ceti Alpha V ba ta faru a cikinsa ba. In aka kai ga kallonsa wani dare, a zo da takardar nan, a ƙirga makaman da aka ɓoye mutanen Khan a ciki: 72 ne.